Ranar da na mayar da Tawa dapartama

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na raka ƙanena Sahabi zuwa Malbaza ba, ko da na so in manta. Wani kamfanin jigilar kaya ne yake neman direbobi, kuma ranar ce ta ƙarshe ta karɓar takardu. Sahabi ya iya mota amma bai yi lakwal ba, wato boko. Ni na yi aji shida, shi ya sa a gidanmu na Tajaye duk takardar da ta shigo ni ake miƙa wa. Mun san idan bai samu aikin nan ba, cirani zai tafi ya bar matarsa da goyo.

Takarda ɗaya aka ba kowa ya cika, har da yankin da ya fito. Na zauna gindin bango na karanta ta sau huɗu kafin in taɓa biro (ni mutum ne da ke komawa ya duba ko ya kulle ƙofar da ya san ya kulle). Wurin dapartama, wato babban yanki a zamaninmu, na rubuta Tawa, don haka mushenmu, malamin lakwal, ya sa muka haddace da bulala. Wurin rejiyon na yi ta tunani har gumi ya keto mini, sai na ce ai ƙasarmu Adar ce, na rubuta Adar. Illela kuwa, ƙaramin yankinmu, na nemi layin arandisma da na san ta da shi na rasa, sai na maƙala ta a gefe da ƙananan baƙaƙe, kada ta ɓata.

Mai karɓar takardun ya duba, ya ce mini a hankali akwai kuskure. Da na yi shiru, wataƙila da ya nuna mini dabara. Amma sai na gyara tsayuwa, na shiga jero masa dapartamomin Nijar da ƙarfi kamar ɗan aji uku, Agadas, Difa, Doso, mutane sun fi talatin a layi suna saurare.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Baba, yaushe rabonka da lakwal? Tawa rejiyon ce yanzu. Illela ita ce dapartamarku. Nan Malbaza ma dapartama ce."

Wani daga baya ya ce a tambaye ni ko na ji labarin an samu mulkin kai. Layi ya ɗauki dariya. Kunya ta sa na fizgi takardar, na lashi yatsa na hau goge Tawa. Biro ne, bai fita ba. Na ƙara yawu, na ƙara ƙarfi, har yatsana ya leƙo ta baya. Mutumin ya ce ba a karɓar yagaggiya, kuma babu sauran wata.

A mota Sahabi bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sai da muka kusa gida ya ce, "Yaya, ba komai, ba rabona ba ne." Bayan girbi ya tafi Abijan, har yau bai dawo ba.

Na koyi cewa gwamnati tana iya sake wa ƙasa suna ba ta aiko mini ba. Yanzu idan aka kawo mini takarda, ko sunan garinmu ne sai na tambayi mutum biyu. Ba a ma cika kawowa ba.