Ranar da Na Cinye Rabon Tagwaye a Birazil

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a birnin Salvador na ƙasar Birazil ba, kuma ko na so in manta, Saini ba zai bari ba.

Ni ma'aikacin sarwis ɗin dabbobi ne a Filinge. Aikina allurar shanu da buɗe bakin awaki. A bara waccan aka zaɓe mu mu biyu, ni da Saini, wani Bazabarme ɗan Damana da muke aiki buro ɗaya, wato ofis ɗaya, mu tafi kwas na sati uku kan kiwon shanu masu tozo. (Eh, su ma suna da masu tozo irin namu, sai dai nasu kowace kamar an hura ta da famfo.) Saini mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya da murfi. In ka yi tuntuɓe a Filinge da safe, kafin azahar mutanen Bankuku sun san da wace ƙafa ka yi shi.

Saboda haka tun daga filin jirgin Yamai na ƙudurta a raina ba zan yi ƙauyanci ba. Na ɗinka kwat, na sayi karabat, abin ɗaura wuyan nan na Turawa, har biyu. Ranar farko da aka zauna kowa yana gabatar da kansa, na miƙe na ce ni ɗan gidan 'yan kasuwa ne, mahaifiyata babba ce a harkar abinci. Saini ya yi wani irin tari. Gaskiyar magana, Inna ƙosai take soyawa a bakin kasuwar Filinge tun kafin a haife ni, kuma da kaskon nan ta biya mana karatun lakkwal, ni da abokin tagwaitakata Usaini da ƙanwarmu Gambo. Ban yi ƙarya ba dai. Gaskiyar ce kawai na sa wa kwat ita ma.

Asabar ta ƙarshe aka shirya mana yawon ɗanɗana abincin gari. Mu goma sha wani abu ne daga ƙasashe daban-daban, jagorarmu kuma wata mata mai fara'a, Lusiya, wadda ta iya Faransanci. Ta ce za mu tsaya wurare da yawa, kowane wuri a ɗan taɓa kaɗan a wuce.

Jama'a, na ga gari. Rabinsa a kan tudu, rabinsa a ƙasa bakin teku, kuma wai ɗaki ake shiga ya sauko da mutum daga wannan zuwa wancan. Tekun kuwa, ni da na tashi ina ganin tafkin damina ya ƙafe kafin a gama girbi, na tsaya ina neman ƙarshensa har idona ya yi ruwa. Gidaje kowane da launinsa, shuɗi, rawaya, kore. Amma abin da ya fi kama ni mutanen ne. Baƙaƙe kamar mu. Na ga wata tsohuwa tana ƙetare titi, wallahi da ta buɗe baki ta yi Hausa ba zan yi mamaki ba, don tafiyar gwaggona ce sak.

Matsala ta fara tun a tsayawar farko. Aka kawo wani ɗan burodi mai cuku a ciki, da zafinsa. Lusiya ta miƙo mini, ni kuma na yi abin da aka koya mini tun ina yaro: na dafa ƙirji na ce na gode, na ƙoshi. A ƙasarmu ta Kurfai, mai ba ka abinci ya san wannan buɗe magana ce kawai. Zai sake cewa, ka sake ƙi, ya rantse, sannan ka karɓa da mutuncinka. Lusiya ta ce “To,” ta miƙa wa Saini nawa. Ina kallo ya cinye biyu yana lumshe ido.

Wuri na biyu wake ne baƙi da aka dafa da naman alade, ita da kanta ta ce mu musulmi mu ja baya. Wuri na uku aka kawo miyar kifi cikin tukunyar ƙasa tana tafasa, da manja da madarar kwakwa, ga soyayyen garin rogo a gefe. A nan na daure na taɓa bakin cokali. Allahu akbar. Ban san ana iya yi wa kifi wannan gata ba. Na so in ƙara, amma na riga na sanar wa duniya cewa na ƙoshi, sai na aje cokali ina gyaɗa kai kamar wanda ya saba. A kasuwa aka matse mana rake aka zuba lemun tsami, na sha rabin kofi. Aka nuna mana 'ya'yan itatuwa da ban taɓa jin sunansu ba, na shinshina. Kafin la'asar cikina ya fara kiran sunana.

Muna hawowa wani dandali mai daɓen duwatsu sai ƙamshi ya buge ni. Na tsaya cak. Na san ƙamshin nan fiye da yadda na san muryata.

Wata dattijuwa ce zaune a kan kujera 'yar tsugunne, cikin fararen kaya masu faɗi, da farin ɗankwali da duwatsun wuya kala-kala. Gabanta ƙaton kasko na manja ya fara zafi, tsakanin ƙafafunta tukunyar ƙullun wake, tana buga shi da muciya. Yadda ta karkata tukunyar, yadda kafaɗarta ke tafiya, yadda take ɗaga muciya ta duba ko ƙullu ya tashi, duk na Inna ne. Na ƙetare teku a jirgi, na kwana a hanya, na zo na tarar ana soya ƙosai.

Lusiya ta ce sunanta Dona Selina, abin da take soyawa kuma akaraje suke ce masa. Bayin da aka kwaso daga ƙasashenmu ne suka zo da shi a ka, ba a hannu ba, tunda ba a bar su sun ɗauko komai ba. Ana tsaga shi a zuba miyar kuɓewa da yaji da busasshen jatan lande. Saini ya matso ya raɗa mini, “Ga harkar abincin gidanku nan, ɗan 'yan kasuwa.” Na yi kamar ban ji ba.

Masu saye sun fara layi tun ba a sa na farko a mai ba. Lusiya ta juya da sauran tana nuna musu wata tsohuwar majami'a, ni kuwa na kasa matsawa daga bakin kaskon. Sai na ga dattijuwar ta ɗebi ƙullu kaɗan, ta sa 'yan ƙanana guda uku a mai. Da suka yi ja ta tsame su, ta zuba a wani ɗan akushin ƙasa, ta aje a bakin teburinta, daidai inda nake tsaye. Ta motsa baki kaɗan, ta koma kan ƙullunta.

To, ku yi mini adalci. A gidanmu kullum Inna ta ɗora kasko, 'yan ƙanana uku take fara sawa. Ɗaya nawa, ɗaya na Usaini, ɗaya na Gambo. Shekara da shekaru hannuna ya saba, in ya ga ƙananan nan uku ba ya jiran izini. Ga shi yawon ɗanɗano muke yi. Ga yunwa. Ga akushi a gabana. Na ce a raina, yau dai ba zan jira tayi na biyu ba.

Na ɗauki na farko. Waje ƙaras-ƙaras, ciki laushi, albasa ta ji, manjan nan ya ba shi wani ɗanɗano da man gyaɗa ba ya bayarwa. Na ɗauki na biyu don in tabbatar. Na ukun kuwa, na ga barin sa shi kaɗai ba tsari ba ne. Har na juya ga jama'a, baki cike, na ce da Faransanci mai kyau wai gishiri ya yi daidai, amma da an ƙara buga ƙullun kaɗan.

Muciya ta tsaya. Wata mata a layi ta dafe baki. Lusiya ta juyo, ta dubi akushin, ta dube ni, fara'ar nan tata ta ɓace. Ta matso ta yi mini bayani a hankali: ukun farko ba na mutane ba ne. Na wasu iskoki ne yara, tagwaye da ƙaninsu, su ake fara ba kafin a sayar wa kowa. Dona Selina tun tana budurwa take haka, kuma ranar da rabon nan bai kai ga masu shi ba, ba ta sayar da ko ɗaya.

Ni fa ɗan Kurfai ne. Na tashi ina ganin 'yan bori na aje wa iskoki nasu a gindin itace, kuma ko mahaukacin garinmu ba ya taɓawa. Da a gida ne da tun daga nesa zan gane. Amma da yake na sa karabat, sai na ɗauka a ƙasar da ake da jirgin ƙasa da dogayen benaye babu mai yin irin wannan.

Dattijuwar ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta sa hannu ta kashe wuta, ta jawo murfi ta rufe tukunyar. Na dubi ƙullun nan. Na san abin da ke cikinsa: jiƙa wake tun asuba, surfe, wanke hanci ɗaya bayan ɗaya, markaɗe, bugu har kafaɗa ta yi tsami. Na kuma san ƙullu ba ya kwana. Na taɓa ganin fuskar Inna ranar da ruwan sama ya kore ta daga kasuwa da cikakkiyar roba. Raina ya ɓaci da kaina ƙwarai, har na ji ƙwalla na neman zubo mini.

Ban san lokacin da na durƙusa a kan duwatsun nan da kwat ɗina ba. Na roƙi Lusiya ta fassara. Na ce a gaya mata ni ba ɗan wasu manyan 'yan kasuwa ba ne, ɗan mai ƙosai ne, a bakin kasko na girma. (Ina jin Saini a bayana yana cewa “Yawwa.”) Na ce ba raini ba ne, sabo ne, don uwata ma uku take fara sawa, nawa da na ɗan'uwana da muka zo duniya tare, da na wadda ta biyo bayanmu.

Lusiya ta tsaya a tsakiyar fassara. Ta tambaye ni, “Kai tagwaye ne?” Na ce eh. Ta faɗa wa dattijuwar. Dona Selina ta bar murfin, ta ƙura mini ido, ta tambaya ko ɗayan yana raye. Na ciro tarho na nuna mata hoton sallar da ta wuce: ni, Usaini, Gambo a tsakiya, Inna zaune a gaba. Ta karɓa ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta ƙirga mu, ɗaya, biyu, uku. Ta tsaya a kan Inna ta dubi hannuwanta.

Sai kafaɗunta suka fara girgiza. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, har da hawaye. Ta yi magana, layin gaba ɗaya ya fashe. Lusiya ta fassara tana share ido: “Ta ce tun tana budurwa take ba su, ba ta taɓa ganin sun zo da kansu sun ci ba sai yau. Kuma ba ta san suna sa karabat ba.”

Dona Selina ta kunna wuta. Ta jawo wata kujera ta zaunar da ni kusa da ita, ta miƙo mini muciya, wai tunda na ce ƙullun bai bugu ba, bisimilla. Na tuɓe kwat na buga har na jiƙe da gumi, mutanen ƙasa goma suna ɗaukar hotona. Babban na farko da ya fito ta tsaga shi ta cika da kuɓewa da yaji ta ba ni. Wannan karon ban ce na ƙoshi ba.

Kafin jirginmu ya sauka Yamai labari ya riga ni isa Filinge, kun san ta bakin wa. Da na je gaida Inna na tarar tana wanke wake. Na zauna na ba ta labarin tun daga farko, ina jira ta yi mamakin iskokin da ke cin ƙosai a bayan teku. Ko gezau. Abin da ta fara tambaya shi ne, “Duka ukku kac canye? Har da na Usaini da na Gambo? Kai dai ba ka sake hali ba.”

Na ce abin da ya girgiza ni shi ne yadda tsohuwar ke yi don iskoki, ita kuma Inna tana yi don ƙaunar 'ya'yanta, amma lissafin ya zo ɗaya. Inna ta ɗago ta dube ni.

“Wa ya ce maka don ƙauna nike yi? Buɗa kasuwa ce. Uwata sai ta aika a nemo mata tagwayen unguwa kahin ta saida ko guda. Ni ko Allah ya ba ni nawa cikin gida.”

Shekara arba'in ina ɗaukar kaina ɗan lele, ashe kayan aiki ne ni. Tun daga ranar na koyi abu biyu. In an yi mini tayin abinci a ƙasar mutane, ina karɓa tun a karon farko. In kuma ba a yi ba, ko akushin a kan cinyata aka aje shi, sai na tambayi na wane ne.