Rasuwar Madam Yang, Wadda Ta Ce Minti Ashirin Ne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar da ta ƙi daina kaɗawa tun ranar Asabar, ni Pyo Man-sik, mai kai furannin biki da na makoki a garin Cheonan, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar abokiyar tafiyata, Madam Yang, na'urar nuna hanya da ta yi shekara da shekaru liƙe a gilashin motata. Rai ya yi halinsa a wurin ajiye motoci na wani zauren biki, bayan doguwar jinyar da ita kanta ba ta san tana yi ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Na zage ta, na zagi wanda ya ƙera ta, amsarta ɗaya ce: "Ana sake duba hanya." Ta raka ni gidajen makoki da fararen furanni, ta raka ni wuraren biki da jajaye, ba ta taɓa kai furen mamaci gaban amarya ba. Kuma ta san maganin mutum irina, wanda ba ya iya jiran shinkafa ta nuna sai ya buɗe tukunya. A gefen fuskarta kullum akwai lokacin isa. In na kalle shi sai ƙirjina ya lafa.

Ciwonta na tsufa ne. Ta riƙe tituna yadda suke ranar da aka ƙera ta. A wurinta har gobe gudun tamanin ake yi a titin bakin kogi, alhali an gina makaranta a wurin, an mayar da gudun talatin, an kafa kyamarori, an jera tudun rage gudu kamar kunyoyin dankali. Babbar hanyar bayan gari kuwa, da aka gama gyarawa tuntuni, ta ɗauka har yanzu ana tono, don haka take kauce mata. 'Yata Da-som ta sha ce mini, "Baba, kawo katin cikinta in sabunta maka, ko ka bi ta waya kamar kowa." Ni kuma in ce gobe.

Ranar Asabar ne auren Da-som, ƙarfe sha biyu. Kun san zaurukan nan, rabin awa suke ba kowa, amarya na fita ta wannan ƙofa wata na shiga ta waccan, ba a jiran uban kowa. Kuma ni ne zan riƙe hannunta in kai ta gaban ango. Matata ta wuce da ita wurin kwalliya tun da safe. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Baban Da-som, ka zauna har lokaci ya yi. Kujera ba ta cizo."

Na zauna. Na miƙe. Na sa kwat, na sa farar safar hannun uban amarya a aljihu, na leƙa taga. Sai waya ta shigo, fure ɗaya ake so a gidan makoki a ƙetaren kogi. Na tambayi marigayiya dawowa daga can zuwa zauren, ta ce minti ashirin ne. Wa zai ƙaryata wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya ba?

Na sauke furen, na juyo. "Za ku isa sha biyu saura kwata," in ji ta. A tudu na farko kwatar ta koma minti goma. A bayan wata motar 'yan makarantar lesin ta koma biyar. Ina hango babbar hanya a sama, motoci na wucewa fuu, na kai hannu zan kunna sigina, sai ta ce, "Ci gaba kai tsaye." Na ci gaba. Ina kallon sha biyu ta cika a fuskarta, ta wuce, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Na hau bene da gudu ina cusa hannu a safa. Ga amarya cikin farar riga a bakin ƙofar zaure, ta ba ni baya. Na miƙa mata hannu ina haki. Ta juyo, ashe 'yar wani ce, ubanta na gefe yana kallona sama da ƙasa. Tawa, kawunta Bong-gu ne ya kai ta. Na same su a ɗakin cin abinci tana zagaya tebura tana gaida baƙi. Da ta iso kaina ta rusuna kamar yadda ta yi wa kowa, ta ce, "Mun gode da zuwa. An ba ku tikitin abinci?"

Wallahi gara ta zage ni.

Da na koma mota na tarar da marigayiya idonta biyu. "Kun iso inda za ku," ta ce, kuma su ne kalamanta na ƙarshe. Masu cewa sun ga farar safar hannu ta sauka a fuskarta, ina roƙonsu su tuna ana cikin makoki.

Ta rasu ta bar igiyar caji ɗaya, da robar da ke liƙe ta, da wani zagayen tabo a gilashi da idona ke komawa kansa a kowace mararraba. Ta bar ni, ba barci, ba zama, ina kiran wayar Da-som ba a ɗauka.

Za a yi jana'izarta ranar Lahadi, bayan Da-som ta dawo daga yawon amarci a tsibirin Jeju, a akwatin zuba tsofaffin na'urori da ke ƙasan benen sabon gidanta. Kada kowa ya aiko da fure, ina da su fal. Ba a sa lokaci ba, na daina sa wa komai lokaci. Zan bar motata a gida in hau bas ta farko. Akwai benci kusa da akwatin, kuma duk daɗewa dole Da-som ta sauko zubar da shara. Zan zauna a kai da marigayiya a cinyata, ko benci na cizo, har sai ta sauko. Safar hannun tana aljihuna.