Yadda Ake Korar Mai Saye da Kwamfuta

Bi matakan nan daki-daki, na lamunce maka za a kira ka injiniya a shago ba tare da ka san komai ba. An gwada, ya yi aiki. Wanda ya gwada shi ne Masahudu na unguwar Sabonjida, ɗan ƙanwar Hajiya Ashetu mai sayar da man kaɗe durom-durom.

1. Raina aikin da ka tarar

Da Hajiya ta ce Madam Portia na zuwa daga Accra neman wanda zai riƙa kai wa kamfaninta na sabulu man kaɗe, Masahudu ya taɓe baki. "Mma, ciniki da fatar baki ya wuce. Yanzu sai an haska a bango." Hajiya ba ta gane ba, sai ta saya masa laftof. Rashin ganewar mai shago shi ne jarinka.

2. Kada ka rubuta abin da ake nema

Mai saye na son jin farashi da yawan kaya. Wannan ƙauyanci ne, bar shi. Sa kowane harafi ya shigo da tsalle, shafi ya juya kamar waina, a ji tafi a ƙarshe. Masahudu har mikiya ya sa, ba ruwanta da kaɗanya.

3. Yarda da duk gyaran da na'ura ta kawo

Za ka ga jan layi ƙarƙashin wasu kalmomi. Manhaja ce ke cewa ba ta san su ba. Kai wa, da za ka yi musu da ita? Danna amincewa, kada ka karanta. Karatu na masu shakka ne.

4. Tara shaidu

Ranar zuwan Madam, Masahudu ya ari majigi, ya rataya farin zanen gado, ya gayyato matan ƙauyen Kasalgu masu haɗa man, su zo su ga ilimi. Suka zauna da fatan aikin shekara guda.

5. In ta ɓaci, ɗora wa netwok

Shafin farko ya faɗo da tafi: HAJIA ASHTRAY ENTERPRISE. Madam Portia ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

"Me ya rubuta?" in ji Hajiya.

"Anti, sunanki aka canja," in ji Madam Portia. "Farantin da 'yan sigari ke zuba toka ke nan."

Hajiya, wadda ko hayaƙin taba ba ta yarda a yi a ƙofarta, ta juya ta dubi ɗan ƙanwarta.

Madam ta share hawaye ta ce, "To, durom nawa za ku iya kawowa a wata?"

Masahudu ya danna. Mikiya ta gifta. Ya sake dannawa, aka yi tafi.

"Netwok ne, Madam."

Madam ta ɗauki jakarta ta nufi wajen wata mai sayar da man kaɗe a unguwar Zogbeli. Matan Kasalgu suka tashi ba sallama.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, ban san ka ba, ba ka taɓa gani na ba. Masahudu dai yanzu buhunan kaɗanya yake saukewa daga mota. Hajiya ta yafe masa ciniki, amma ba ta yafe sunan ba, domin har gobe in baƙo ya tambayi shagon Ashetu a kasuwa, sai ka ji wata ta ce, "Oho, Hajiya Ashtire kake nema?"