Hatimin Guga a Bayan Mai Girma

Jama'a, yau da hannu ɗaya nake rubuta muku, ɗayan yana naɗe da bandeji. Dutsen guga ne ya gaishe ni. Ni da na shekara da shekaru a kan kujera a shagona na wanki da guga, ina karɓar kaya ina ba da umarni, sai ga ni tsaye ina zuba gumi a kan rigar wani babban mutum. Bari dai in faro daga tushe, kada ku ce zafin ya hau min kai.

Ina da ma'aikaci da muke kira Sarkin Guga, kuma sunan ba na ba'a ba ne. In ya yi wa wando kari, sai ka ji kunyar zama da shi. Makon jiya matarsa ta haihu da ƙyar, sai da aka yi mata aiki, jaririn kuma aka sa shi a kwalba. Ya zo min da safe idanu jajur, ya ce, "Maigida, ba ni da kowa a garin nan da zai zauna da ita." Na ce ya tafi, aikinsa na nan yana jiransa har su samu sauƙi. Kada ku cika yabona. Yana fita na dubi tarin kayan mutane, gabana ya faɗi.

Maƙwabcina mai aski, wanda rediyo ba ya barin kunnensa, ya leƙo ya ce, "Kana wani hura hanci kamar ka yi alfarma. Ai doka ce yanzu. An kafa Kwamitin Jin Ƙan Ma'aikata da Iyalansu, hutun jinya da na haihuwa wajibi ne a kanka."

Na ce madalla, bari in je in ji yadda ake yi, don rashin sani ya fi dare duhu. Na bi layin mai har rana ta take, na samu ɗan abin da zai kai ni ofishinsu. Allah ya saka wa mutanen nan, sun riƙe dokar hutu hannu bibbiyu. Jami'in hutun haihuwa ya tafi hutun ƙaro ilimi. Na hutun jinya ya tafi ƙetare a auna masa jini, mataimakinsa ya raka shi don riƙe masa jaka. Wanda na samu a kan kujera ya ce shi ma hutu yake yi, cajin waya ya kawo shi. Na dawo da kalanda mai hoton Shugaban Kwamiti yana rungume da jaririn da ban san na wa ba ne.

Ina ganin hoton na gane shi. Ashe Mai Girma ne, babban kwastomana, wanda kayan gidansa kaɗai ke cika min igiyar shanya biyu. Na ji daɗi har raina, na ce ashe mai tausayin ma a gida yake.

Jiya da hantsi sai ga direbansa da wata farar riga, yadi mai santsi da ko kallonsa sai da alwala. Ya ce da yamma ake so, kuma Sarkin Guga kaɗai zai taɓa ta. Na ce Sarkin Guga yana asibiti. Direba ya danna waya ya miƙo min.

"Ina jin wai yaronka ba ya nan," in ji Mai Girma.

"Ranka ya daɗe, iyalinsa ce aka yi wa aiki, jaririn kuma yana kwalba."

"To shi ne likitan? Ko shi zai shayar da jaririn? Kira shi ya zo ya goge ya koma. In ba za ka iya ba, shagunan guga ba su ƙare a garin nan ba."

"Allah ya ja zamaninka, taron mene ne haka da gaggawa?"

"Ƙaddamar da dokar hutun iyali. Ni ne babban mai jawabi."

Mai aski, da ya kasa kunne daga bakin ƙofa, ya girgiza kai ya ce, "Wanzami ba ya son jarfa. Ni na san wannan, sana'armu ce."

Ba zan ɓoye muku ba, na kira Sarkin Guga. Igiyar shanya biyu ba wasa ba ce. Ya ɗauka ya ce, "Maigida, lafiya?" Kafin in buɗe baki sai na jiyo wata murya can ƙasa-ƙasa tana cewa ya ɗan ɗago ta ta sha ruwa. Kunya ta rufe ni. Na ce, "Lafiya lau. Ya mai jiki? Dama tambaya ce, farin yadi mai santsi, yaya ake saita masa zafi?" Ya fara bayani ke nan aka kira shi ɗakin jarirai, ya kashe wayar.

Na ce wa mai aski guga ai ba wani abu ba ne, turawa ne da jawowa. Ya ce inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Gaban rigar ya fito tas, har na fara waƙa. Ina tsakiyar goge bayanta aka ɗauke wuta, na fita tayar da janareta, na bar dutsen a kwance a kan rigar. Wutar tasu kuwa, da ba ta taɓa dawowa da wuri ba, ranar ta yi zuciya. Ƙauri ne ya kira ni. Na cafko dutsen ta inda ba a kamawa, ga hannuna shaida. A tsakanin kafaɗun rigar kuwa ga hoton dutsen guga ya fito raɗau, har da ƙananan ramukansa.

Na nuna wa direba. Ya duba, ya dubi agogo, ya ninke rigar da kansa ya ce, "Baba, ni ban ji ba, ban gani ba."

Da yamma muka kalli taron a talabijin ɗin mai aski. Mai Girma ya shigo a kaikaice kamar ƙaguwa, bayansa manne da bango, da gyale a kafaɗa cikin wannan zafi. Amma jawabi, sai dai a ce ma sha Allah. Ya daki tebur ya ce daga yau duk maigidan da ya kira ma'aikacinsa daga gefen gadon majinyaci zai gamu da fushin hukuma. Aka yi ta tafi. Ni ma na so in tafa, hannu ya hana.

Yau da safe direba ya zo ya kwashe kayan gidansu kaf, har da waɗanda ba su bushe ba. Igiyoyina biyu suna ta lilo babu komai, kuma ba zan ce bai min ciwo ba. Ana cikin haka Sarkin Guga ya kira, ya ce an fito da yaron daga kwalba, uwar ta riƙe shi a hannunta. Ya tambayi yadda farin yadin nan ya ƙare. Na ce ya shiga talabijin.

Saboda haka in kun haɗu da wani babba yana tafiya yana jingina da bango, don Allah kada ku yi dariya. A duk faɗin kwamitin nan, rigarsa kaɗai ke ɗauke da hatimin da ke nuna an taɓa aiki da dokar.