Ranar Da Na Bugu Da Ruwan Sha'ir

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a unguwar Ma'adi ta birnin Alƙahira ba, ko da na so in manta, 'yan gidanmu na ɗalibai da ke unguwar Darrasa ba za su bari ba. Har na gaji da ba da labarin, amma bari in ƙara sau ɗaya.

Ina da aboki, Ayuba, ɗan Kafanchan, babansa ma'aikaci ne a ofishin jakadanci. A wajen ƙwallo muka saba. Zai koma gida, sai ya ce in zo mu yi sallama a wata 'yar mashaya ta unguwarsu, inda ake ɗanɗana giyar da masu wurin ke dafawa da kansu (shi burkutun 'yan gayu yake ce mata). Na ce, "Baba, ka manta ni ke jan sallar Magariba a gidanmu?" Ya ce, "Liman, ba wanda zai ɗura maka. Akwai ta sha'ir marar giya. Yalla, ka zo kawai."

Na je ina waige-waige kamar wanda ya saci akuya. Aka kawo wa Ayuba ƙananan kofuna biyar jere a kan katako, wata da ɗanɗanon dabino, wata ja kamar zobo. Yana kurɓa yana lumshe ido yana sharhi. Ni kuma aka aje mini nawa a gefe, kofi iri ɗaya sak da nasa, har kumfar.

To ni a sanina, malt zaƙi gare shi, irin wanda ake ba mu a biki a Kano. Ayuba ya tashi amsa waya, ina latse-latse, na kai hannu na ɗaga kofi na kwankwaɗi rabi. Ɗaci! Ɗaci kamar an jiƙa maɗaci. Na ce innalillahi, ashe na Ayuba na ɗauka!

Wallahi nan take kaina ya fara juyawa. Na tafi banɗaki ina dafa bango, na kuskure baki ya fi sau goma, na tura yatsa a maƙogwaro, ba abin da ya fito sai hawaye. Abin da ke raina ɗaya: sallata, da limancin da Malam Sani, babban ɗalibin gidanmu, ya damƙa mini wata biyu kacal da suka wuce.

Mai hankali zai fita ya tambaya. Ni waya na zaro. Na tura saƙon murya a guruf ɗin ɗaliban gidanmu, mu talatin da wani abu: "Malamai, don Allah fatawa shaf-shaf. Wani abokina ne ya sha giya bisa kuskure, yanzu haka yana cikin maye, ya halatta ya ja Magariba?" (Abokina fa. Ga kiɗa na tashi a bayana, ga ni ina shessheƙa, kuma duk gidan mutum ɗaya ke jan Magariba.)

Na fito ina tangaɗi. Ayuba ya dube ni, ya dubi katakonsa, ya ƙirga. Biyar cif, ba wanda ya ragu daga inda ya bar shi. Ya kira ma'aikacin wurin, mutumin ya shinshina kofina ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya shaikh, wannan naka ne. Ba ɗigon giya a ciki."

Ayuba ya kifa kai a tebur yana dariya. "Liman, ni na sha biyar ina zaune daram, kai ka sha ruwan sha'ir kana bin bango!"

Mayen ya sake ni nan take. Na zaro waya in goge saƙon, mutum ashirin da shida sun riga sun saurara. Wani har ya turo amsa da hujjoji.

Da na koma gida, Malam Sani na zaune a bakin ƙofa. Na zayyana masa komai, har da shaidar ma'aikacin. Ya saurara tsaf, ya ce, "Tamam, abokin naka bai sha ba, mun yarda. Amma ka tambaye shi me ya kai shi wurin. Kafin ya samo amsa, ya koma sahun baya."

Khalas, shi ke nan. Yau wata huɗu ina sahun baya, kusa da takalma. Abin da na koya bai da yawa: malt ɗin Masar ba na Kano ba ne, kuma in abu ya rikice maka, fara tambayar wanda ya kawo kofin kafin ka tambayi malamai talatin.