Abin da Kawu Yake Jira

A ƙauyenmu an yi wani wawa mai suna Cindo. Gidansu daga shi sai Innarsa, sai ƙanwarsa Uwani mai karatu a birni. Abu biyu yake tsoro a duniya: mutuwar Inna, da kawunsa Barau, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu kan gonarta, yana cewa ranar da ta cika, gona da Cindo duk hannunsa za su dawo.

Wata rana Uwani ta zo hutu, ta ɗauki tulu ta tarar ba ruwa, ta ce, "Bama!"

"Mece ce bama?" in ji Cindo.

"Turanci ne, Yaya. Kamar kash. Ana faɗa wa wanda abin da yake jira bai zo ba."

Cindo ya riƙe maganar gam.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Inna, ko magana ba ta yi. Uwani ta ce, "Yaya, ruga titi ka gani ko mota za ta zo." Ya ruga, ya dawo yana haki.

"Ina motar?"

"Ta zo, na gan ta, ta wuce."

Uwani ta fashe da kuka, ta fita neman magani da ƙafa.

Wata rana jiki ya tsananta. Kawu ya leƙo ya ce, "Sa ido kan bargon nan. In ya daina motsi, ka zo ka gaya mini." Cindo ya zauna ya kafa wa bargon ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Can zufa ta karyo wa Inna, ta ture bargon gefe. Cindo ya dubi bargo, ba motsi. Ya zunduma ihu har ƙofar Kawu: "Ya daina!"

Kawu, mutumin kirki, ko leƙa ɗakin bai yi ba. Ya tura masu haƙa kabari, ya sayo likkafani, ya biya ta gona ya taka iyakarta, sannan ya shigo da jama'a yana matse ido.

Suka tarar da Inna zaune tana shan kunu.

Kowa ya ce alhamdu lillahi, ban da Kawu, da ya daskare da likkafani a hammata. Cindo ya dubi fuskarsa, tausayi ya kama shi. Ya matso kusa da shi.

"Bama, Kawu," ya ce. "Abin da kake jira bai zo ba."

Inna ta ajiye ludayi ta ce, "Barau, riƙe yadin, ya isa ka."