Layin Taɓo a Gadon Bayana

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tsohon babur na saya, na rantse sai ya koma irin na tsere. Na sa makanike ya cire komai, har marfin tayar baya.

"Alhaji, Douala fa muke, ruwa kullum," in ji shi.

Na ce, "Babur ɗinka ne?"

Ranar Juma'a bayan ruwa na hau babur ɗin na tsaga unguwar New Bell cikin farar shadda, na isa masallaci na shige sahun gaba ina ƙasaita. Ashe taɓo ya shimfiɗa min kwalta daga ƙugu har hula. Duk masallacin ba wanda ya ce min uffan! Yanzu har surukina "Titin Yassa" yake kirana, sunan wani titi a nan Douala.